Yadda Ake Mayar da Famfon Mai Idan Notinsa Ya Karye Saboda Tsatsa

Yawancin motocin hannu da ke yawo a Katsina da Daura sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su shigo ta Kwatano ko Legas, kuma a can ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, shi ya sa ƙarƙashinsu yake zuwa da tsatsa duk da bushewar ƙasarmu. Ranar da bakanike ya ɗora sifana a kan notin da ke riƙe da famfon mai, sai kan notin ya fita, ragowarsa ta maƙale a ciki. Wannan ya fi faruwa a motocin da famfonsu ke waje kusa da tanki, irin su tsohuwar Mercedes 190.

Kafin a taɓa komai, a rage ƙarfin man da ke cikin tiyo, domin a mota mai injekta yakan kai kusan bar 3 a ma'aunin matsi, kuma zai iya fesowa a fuska. A cire fiyus ɗin famfon, a tayar da mota har ta mutu da kanta, sannan a cire kan batir na nagetif. A yi aikin a fili, da sassafe idan lokacin bazara ne, a ajiye bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara kusa. Daga nan a kwance wayoyi da tiyo, a toshe bakin tiyon, a fitar da famfon gefe, a goge duk man da ya zuba.

Cire ragowar notin shi ne wurin da ake buƙatar haƙuri. A kankare tsatsar da buroshin ƙarfe, a fesa WD-40, man feshi mai sassauta tsatsa, ko a ɗiga kalanzir, a bar shi ya jiƙa na tsawon sa'o'i, ana ɗan bubbuga shi da ƙaramar guduma don man ya ratsa zaren, wato layukan murɗi na jikin notin. Idan akwai ɗan abin da ya leƙo waje, a kama shi da filaya mai kullewa, a riƙa juyawa kaɗan gaba kaɗan baya, ba a murɗe shi da ƙarfi lokaci ɗaya ba. Idan kuwa ya karye daf da ƙarfen, sai a dasa alama a tsakiyarsa daidai, a fara hudawa da bakin injin huda mai milimita 3, a ƙara girma a hankali. Notin da sifana lamba 10 ke kwancewa yawanci mai kaurin milimita 6 ne, don haka a tsaya a milimita 5, sannan a sake yanka zare. Akwai ƙarfen zaro karyayyen noti da ake sayarwa, amma ni ban cika son sa a ƙaramin noti ba, domin idan ya karye a ciki ya fi notin tauri, kuma bakin huda ba ya cin sa.

Idan zaren ya lalace gaba ɗaya, a huda ramin ya zarce, a sa dogon noti da washa a ɗaure ta baya, ko a yi sabon rami kusa da tsohon. Sai dai a leƙa bayan ƙarfen tukuna, saboda bututun birki da wayoyi sukan bi ta wurin.

Kada a kira mai walda ya narka noti a jikin mota alhali tanki yana nan. Tankin da babu mai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke kamawa da tartsatsi ɗaya. Haka nan idan famfon na cikin tanki ne kuma ƙananan notin murfinsa suka karye, dole a sauke tankin, a juye man, a wanke shi sosai, a cika shi da ruwa kafin a huda, a kuma busar da shi kafin a mayar. Idan bakin tankin kansa ya ci tsatsa, sayen wani tankin ya fi. Ɗaure famfo da waya ko robar taya zai iya kai mutum gida, amma gargadar hanya za ta sa ya riƙa lilo har tiyo ya tsage.

Wajen mayarwa, a yi amfani da sababbin noti, a shafa musu ɗan giris, a kuma tabbatar robobin da ke tsakanin famfon da jikin mota suna nan, domin su ne ke shanye girgiza da ƙara. A duba kada a juya bakin shigar mai da na fitarsa, ko a sauya wayoyin biyu. Na cikin tanki kuwa yana buƙatar sabon gaskit, wato robar da ke hana yoyo a ƙarƙashin murfin, a ɗaure notin murfin ɗaya nan ɗaya can, ba tare da an matse su fiye da kima ba.

A mayar da fiyus da kan batir, a buɗe makulli sau 2 ko 3 ba tare da an tayar ba, a saurari kukan famfon, a shafa kowane haɗi da busasshen tsumma don a ga ko yana yoyo. Idan babu jiƙa kuma babu warin fetur, a tayar da motar a sake dubawa, sannan bayan mako guda ana hawa a koma a gwada notin da sifana.