Yadda na gyara tallan ofishina na kula da masu damuwa

Mutane na ganin tallan a Facebook, amma ba mai kira. Matsalar a rubutun take: takardun digiri da sunayen cututtuka sun cika shi, alhali mai fama cewa yake "ba na iya barci", ko "tun da na haihu nake kuka". Irin waɗannan kalmomin na mayar layin farko.

A ƙasa na amsa abin da kunya ke hana mutum tambaya: kuɗin zama ɗaya, tsawonsa minti 50, da cewa maganar ɗaki ba ta fita sai in rai na cikin haɗari.

Shaidar waɗanda na duba kuwa na cire ta ɗungurungum. Ko an ɓoye suna, unguwa da sana'a kan tona mutum, kuma wanda ke hannunka da wuya ya iya ce maka a'a in ka nemi shaidarsa. Alkawarin waraka ma na goge.

Sai na sa lamba ta daban ta WhatsApp Business (WhatsApp na masu sana'a), da hirar minti 15 kyauta kafin zaman farko. Likitoci da ungozomomin kusa na kai musu takarda mai shafi ɗaya game da ofishin, kuma yanzu su ke turo yawancin masu zuwa.