Yadda ake koya wa yaro hawan allo a wasan Subway Surfers

Da wuya ka ɗauki wayar da yara ke wasa da ita ba ka tarar da Subway Surfers a ciki ba. Kamfanoni biyu na ƙasar Denmak, Kiloo da SYBO, suka fitar da shi a 2012, kuma a 2018 ya zama wasa na farko da aka sauke sau biliyan ɗaya a Google Play. Wani yaro ne mai suna Jake aka kama yana fesa fenti a jikin jirgin ƙasa, sai ya ranta a na kare, mai gadi da karensa suka bi shi. Yawancin yara sun iya gudun. Inda suke asara shi ne wajen allon zamiya, wato allon nan da ake hawa da ƙafa biyu, wanda a wasan ba shi da tayoyi, shawagi yake a saman layin dogo.

Kafin ka miƙa masa wayar, shiga saitin Play Store ka sa ya riƙa tambayar lambar sirri kafin a sayi komai, sannan ka kashe data. Wasan yana tafiya ba intanet, talla ma takan ragu.

Da farko bar shi ya ƙware a ƙafa. Layuka uku ne. Ja yatsa hagu ko dama ya sauya layi, sama ya yi tsalle, ƙasa ya mirgina ta ƙarƙashin shinge. Nuna masa cewa idan yana sama ya ja yatsa ƙasa, nan take zai diro. Yara da yawa ba su san wannan ba, shi ya sa suke faɗawa kan shingen da ke gaba.

Sai allon kansa. Ana kiransa ne da danna fuskar waya sau biyu a jere da sauri. Daƙiƙa 30 yake yi, kuma amfaninsa na gaskiya shi ne idan ka yi karo kana kansa, allon ne zai tarwatse, kai kuwa ka ci gaba da gudu. Rai ne na biyu ke nan. To amma yaro da zarar an fara sai ya danna, lokacin da gudun bai yi zafi ba kuma hanya fetal take, allon ya ƙare a banza. Koya masa ya haƙura sai gudu ya ƙaru, jiragen da ke tahowa sun fara cika layuka biyu, ko ya hango lungun da bai ga mafita ba. A nan ake dannawa. Ja masa kunne kuma: bayan allo ya fashe ba a iya kiran wani nan take, sai an ɗan jira, don haka ya buɗe ido sosai a wannan ɗan tsakanin.

Allunan ƙarewa suke yi, da sulallan da aka tara ake sayen wasu. Maganaɗisun da ake tsinta a kan hanya yayin gudu shi ne abokin tafiya a nan, domin yana janyo sulallan layuka ukun duka. Idan ya ga tarago mai gangara a gabansa, ya hau, saman jiragen ya fi sauƙin gani da nisa. Ni dai shawarata, sulallan farko su tafi wajen ƙara wa maganaɗisu tsawon lokaci da sayen alluna, kayan ado su jira.

Makullai kuwa a yi tattalinsu. Su ne ke tayar da ɗan wasa bayan an kama shi, kuma kowane tayarwa a gudu ɗaya ya fi na baya tsada. Sau ɗaya ya isa.

Wasan ba shi da ƙarshe, gudu ne har sai an faɗi, don haka "bari in gama" ba ta da rana. Ku yi yarjejeniya da shi tun farko a kan yawan zagaye, misali biyar, idan na biyar ya ƙare a ajiye waya.