Yadda za ka gano alamomin galahanga na ƙuruciyarka bayan an tabbatar maka da ita da girma

Galahanga, wato lalurar da ake kira autism da Turanci, wadda ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane, ba ta kama mutum da girmansa. Wanda likita ya tabbatar masa da ita yana ɗan shekara talatin ko arba'in, da ita ya yi rarrafe, da ita ya shiga makarantar allo. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ya gindaya sharaɗin cewa sai alamomin sun kasance tun farkon ƙuruciya. Amma ya yarda cewa suna iya ɓuya har sai hidimar zama da mutane ta fi ƙarfin mutum, ko dabarun da ya koya su lulluɓe su. Ni ina da shekara 35 aka gaya mini, na yi aure, na haihu, ina aikin akanta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda na tashi a gida mai cike da jama'a amma a ce babu wanda ya lura. Da na bincika sai na tarar an lura sarai. Kowace alama dai an ba ta wani suna ne: miskilanci, tsirfa, kafiya, kunya, iska. Ga hanyar da na bi, ko za ta yi wa wani amfani.

Fara da zaɓen wanda za ka tambaya. Kowa hankalinsa kan uwa yake zuwa, amma a gidajenmu ba lallai ita ce ta fi sani ba. Idan kai ɗan fari ne, wataƙila kunya ta hana ta ko kiran sunanka, balle ta zauna tana nazarin wasanka a gaban surukai. Idan an kai ka yaye wajen kaka, ko an ba goggo riƙonka, to shekarun da suka fi muhimmanci a hannunsu ka yi su. Likitoci suna da wata doguwar hira da suke yi da iyaye, ADI-R, kuma yawancin tambayoyinta kan shekara huɗu zuwa biyar suke komawa, domin a lokacin ne alamomin suka fi fitowa fili. Saboda haka ka nemi wanda ka kwana a ɗakinsa a waɗannan shekaru. Ni Goggo ce, sai yayata wadda ta yi ta goyona kuma aka riƙa haɗa mu zuwa makaranta. Kada ka raina yayye. Su ne aka ɗora wa wahalarka, kuma wanda ya sha wahalar abu ba ya mantawa da shi.

Sai yadda za ka yi tambayar, kuma nan ne aikin yake. Kada ka ce, “Ina da wata matsala ina yaro?” Amsar da za ka samu ita ce, “Lafiyarka ƙalau, Alhamdulillahi,” an rufe zance. Kada kuma ka fara da sunan lalurar, domin hoton da mutane ke da shi na mai galahanga shi ne yaron da ba ya magana sam, kai kuwa ga ka da aiki da iyali. Labari za ka nema. Na sami Goggo tana gyaran zogale, na zauna ina taya ta, na ce, “Goggo, wai ya nake yi idan za a yi mini kitso?” Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, “Ke 'yar nan, ai sai mutum biyu sun danne ki. Kuma ba zafin kitson ba, tun daga man da za a shafa miki kike fara ihu.” Daga wannan tambaya ɗaya labarai suka yi ta zuwa. Tambayi ranar Sallah, ranar farko a makaranta, ranar bikin wata a gida, ranar da aka yi ƙaura. Idan an ba ka hukunci, kamar “ai ke miskila ce”, ka ce a ba ka misalin rana ɗaya da ka yi miskilancin. Ka rubuta abin da aka ce yadda aka faɗe shi, da wanda ya faɗa, da shekarunka a lokacin.

Alamomin kashi biyu ne a wajen likitoci: yadda mutum ke mu'amala da sadarwa, da kuma maimaita abu, nacewa kan tsari ɗaya, da yadda jiki ke karɓar sauti, wari, taɓi da ɗanɗano. A kashi na farko, abin da ya fi tona mini asiri shi ne gatse. Iyayenmu mata da gatse suke tarbiyya. Kana zubar da ruwa a ce, “Yawwa, ci gaba, ƙarasa zubar da shi duka.” Yawancin yara daga muryar suke gane a daina ake nufi. Ni ƙarasa zubarwa nake yi, a doke ni a kan rashin kunya, ni kuma ina kuka don na yi abin da aka ce. Haka aike: a ce, “Je ki gani ko Baba ya dawo,” in je in gani, in zauna abina, don ba a ce in dawo in faɗa ba. Tambayi 'yan gidanku ko kana da irin wannan tarihi. Tambayi kuma yadda kake ɗaukar wasan kakanni da na taubasai. Kakana yakan ce ni matarsa ce, ya fasa aurena tunda ban iya tuwo ba. Sauran jikoki su rama, ni in shige bayan ƙofa ina kuka da gaske. Habaici, zolaya da hannunka-mai-sanda duk a wannan layi suke.

Daga nan ka duba wasa. Tambayar ba ta tsaya kan ko kana da abokai ba, domin a gidan yawa yaro ba ya rasa yara a kusa da shi. Me kake yi a cikinsu? Lokacin da 'yan mata ke aurar da 'yar tsana, wannan uwar amarya, waccan ƙawa, ni an ce gefe nake komawa ina jera marafan kwalabe bisa launi, kuma wanda ya taɓa ɗaya ya jawo tashin hankali. Carafke ina so, saboda ƙa'idarta a fili take. Gaɗa kuwa, in haddace waƙar tsaf amma in kasa gane lokacin da ya kamata in faɗa tsakiya. Ka tambaya ko kana nuna abu da yatsa don wani ya gani tare da kai, kamar jirgi in ya wuce, wanda yawancin yara ke yi kafin shekara ɗaya da rabi. Ko kana waiwayowa in an kira sunanka, ko har an taɓa zargin ba ka ji. Ko kana maimaita maganar mutane ko tallar rediyo kalma da kalma, da muryar mai maganar. Jinkirin fara magana alama ce ga wasu, amma rashinsa ba ya kore komai. Ni da wuri na yi baki, har ana cewa ina magana kamar tsohuwa.

Kashi na biyu ya fi sauƙin tonowa, don shi ne ya fi damun mutanen gida. Injin markaɗe, janareto, guɗa, kalangu a gidan biki, bindigogin hawan Sallah: wanne ne ke sa ka toshe kunne ko ka gudu? Sabon leshi ko shadda mai sitaci da kowa ke murna da su, kai kana kuka sai an cire? Miyar kuɓewa saboda yauƙi, fura mai gaya, tuwon da miya ta riga ta taɓa, turaren wuta, warin lalle. Kwano ɗaya da ba ka cin abinci sai a cikinsa, hanya ɗaya zuwa makaranta wadda in aka sauya sai ka yi birgima. Tafiya a kan yatsun ƙafa, kaɗa hannuwa in ka yi murna, juyi a wuri ɗaya. Akwai kuma ɓangaren da ake mantawa, wato rashin jin abu: yaron da zai ji ciwo har jini bai yi kuka ba, ko bai san yana jin yunwa ba sai an tuna masa.

Tambaya ɗaya da nake ganin kowa ya yi ita ce ko an taɓa kai shi wajen malam saboda halinsa. Yaron da hayaniya ta cika masa kai yakan fashe da ihu da fizge-fizge, ko ya ɗauke wuta ya kasa magana, kuma a wajenmu fassarar da ta fi kusa ita ce iska. Ni an yi mini rubutu, an yi hayaƙi. Ba na riƙe kowa da wannan, abin da suka sani suka yi kuma don ƙauna suka yi. Abin da za ka nema shi ne me ya faru kafin abin ya tashi. Nawa duka a taro ne: suna, biki, kasuwa.

Yanzu sai tacewa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, domin al'adarmu tana ɓoye wasu alamomin, tana kuma kama da wasu. Rashin kallon ido shi ne babban misali. Yaron kirki ba ya kallon babba ido cikin ido, saboda haka sunkuyar da kai gaban Baba ba shaida ba ce. Tambayar ita ce ko kana kallon idon sa'anninka da ƙannenka. Rangaji a makarantar allo kowa na yi, sai ka bincika ko kana yi a gida kai kaɗai. Gaisuwarmu tsararriya ce, ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, kuma yaro mai galahanga yana iya haddace ta har a yabe shi da ladabi. Me ke faruwa bayan gaisuwar ta ƙare, a nan za ka duba. Ƙarfin hadda ma yakan sa a yafe wa yaro komai, a ce ai mai ilimi haka yake. Ga mata abin ya fi ɓuya, don yarinya mai shiru, mai zaman ɗaki, wadda ba ta son fita, ita ce abin yabo. Ana samun maza uku zuwa huɗu da aka tabbatar musu a kan kowace mace ɗaya, kuma masu bincike da dama suna ganin ana tsallake mata da yawa saboda sun fi iya kwaikwayon na kusa da su. Idan ke mace ce, tuna ko akwai wata ƙawa ko yaya da kika riƙa kwafar dariyarta da maganarta, sannan ki dawo gida a gajiye liƙis.

Takardu ma suna magana, in an dace ba su ɓace ba. Katin sakamakon firamare, musamman wajen da malami ke rubuta ra'ayinsa. Katin asibiti na awo da rigakafi. Hotunan Sallah: ina kake tsaye, me ke hannunka, ina kake kallo.

Kada ka tattara duk wani abin ƙuruciya ka jingina wa galahanga. Ciwon kunne, ƙyanda ko sanƙarau suna iya taɓa ji, su sa yaro ya daina amsa kira, kuma waɗanda suka yi ƙuruciya lokacin annobar sanƙarau ta 1996 a Arewa ya kamata su tambayi wannan musamman. Farfaɗiya, i'ina, firgicin da duka ko rasuwar uwa ke bari, da lalurar rashin natsuwa da ake kira ADHD, kowanne yana da kamanninsa, wasu kuma suna zuwa tare da galahangar. Abin da ake nema shi ne hali mai ɗorewa, wanda ya bayyana a gida da makaranta, shekara da shekaru, kuma a duka kashi biyun nan na alamomin da likitoci ke dubawa. Tunaninka kai kaɗai ma yana iya karkata yanzu da ka san sunan abin. Shi ya sa nake raba shafi gida biyu, abin da na tuna da abin da wani ya tabbatar, in kai wa likita ya auna.

Ka shirya wa zuciyar mahaifiyarka. Ranar da na yi wa Umma bayani, shiru ta yi, can ta ce, “To ni ce ban kula ba ke nan?” Na ce, “Umma, ko likitocin ba su sani ba a lokacin.” Kuma gaskiya ce. Sai a 1943 wani likita, Leo Kanner, ya bayyana lalurar a Amurka, a kan yara 11 kacal. Sai a 1981 Lorna Wing ta Ingila ta jawo hankali kan masu magana da kaifin basira da ke da ita, kuma sai a 1994 irin wannan ya shiga littafin likitocin Amurka. Wanda aka haifa a shekarun 1980, ko a Landan ne, in dai yana magana yana cin jarrabawa, da wuya a gano shi. Ka gaya mata tarbiyya ba ta kawo galahanga. Idan zancen allurar rigakafi ya taso, binciken 1998 da ya haddasa wannan tsoro mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010, kuma manyan bincike da aka yi bayansa ba su sami wata alaƙa ba. Gado ne ke da kaso mafi girma, don haka kada ka yi mamaki idan ana cikin labarinka wani ya ce, “Ai haka kawu wane yake.”

Saboda wannan gadon, binciken yakan juyo kan 'ya'yanka. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da galahanga, kuma wanda ke da ita a gida ya fi kusa. Idan ka ga ɗanka ba ya amsa sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ko ya daina faɗin kalmomin da ya fara, kada ka jira a ce zai yi baki in ya shiga makaranta. Kai shi wajen likitan yara, ka nemi a fara da gwajin ji. Asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri suna da likitocin da za su duba shi ko su tura ka inda ya dace. Ka tafi da shafin da ka rubuta na ƙuruciyarka, domin tarihin iyali yana cikin abin da za su tambaya.