Dukushin da aka haifa gaɓar ƙafa na taɓa ƙasa

'Yan'uwa masu dawaki, musamman na wajen Argungu da Gwandu, idan goɗiya ta haihu kuka ga gaɓar da ke saman kofaton dukushi ta sauka har ƙasa, bakin kofato ya ɗaga sama, jijiyar bayan ƙafa ce ta saki. An fi gani a ƙafafun baya, ga wanda aka haifa kafin cikin ya cika kwana 320 ko wanda uwarsa ta rame da ciki.

Don Allah kada a ɗaure da kara ko tsumma mai kauri. Ɗauri na ƙara kashe jijiyar ne. Sakiya da wuta ma ba nata ba ne. Motsi kaɗan ne magani: a sake shi da uwarsa a ƙaramin fili mai ƙasa shimfiɗaɗɗiya, minti 10 zuwa 15, sau biyu a rana, da sanyin safe da yamma. Yana fara rawar ƙafa, a mayar da shi barga. Bakwaini kuwa ƙashinsa bai yi ƙwari ba, a bar shi ciki sai likita ya duba.

A zuba tattaka, wato shimfiɗar ciyawa, mai laushi, domin tsakuwa na goge fatar dunduniya ta zama gyambo. Auduga 'yar kaɗan ta isa kariya. In bai iya tsayawa ba, a riƙe shi ya sha dakashi, wato nonon farko na uwarsa, cikin awa 2 na farko.

Yawanci cikin mako biyu yake miƙewa. In bai miƙe ba, likitan dabbobi zai manna ɗan katako ƙarƙashin kofato ya zarce baya kamar santimita 3, ban da ƙusa. Gaɓa mai zafi da kumburi dabam ce, galibi ƙwayar cuta ce ta bi ta cibiya. Wannan kada ta kwana.