Zare da ƙugiya don kamun kifin striped bass

'Yan uwa masu kamun striped bass, kifin teku mai ratsi-ratsi a jiki, a gaɓar gabashin Amurka, in da ƙaramin kifi mai rai za ku yi, ku ɗaura saƙaƙƙen zare mai ɗaukar laba 30 zuwa 40. Ba ya miƙewa, ko taɓawa kifi ya yi sai kun ji a hannu. Sai dai duwatsu na cinye shi, don haka ku ƙulla masa fluorocarbon, wani zaren roba mai jure gogar dutse, kamar ƙafa uku a baki.

Ƙugiya kuwa mai bakin da ya lanƙwaso ciki, doka ce tun 2021. Ku soka ta a hancin ɗan kifin, ya samu yin iyo. In babban ya cafka, don Allah kar ku fizga. Ku naɗo zaren a hankali, za ta kama gefen bakinsa da kanta.