Darasi na 7: Kafin ka sayi sola, ka yi lissafi

Toh jama'a, darasin yau na lissafi ne amma lissafin da zai taɓa aljihunku kai tsaye.

Ku tuna watan Afrilu na 2020 lokacin da aka saka dokar kulle a Kano saboda korona, kasuwanni a rufe, mai shago ya cinye jarinsa a gida, tela ba ɗinki, mai sayar da abinci ba ciniki. Mutane ba su gama farfaɗowa ba sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce 1,000. Wanda sana'arsa ta dogara da ɗan janareta shi ya fi jin jiki, kullum ribar tana tafiya gidan mai.

Ga kuma yanayi da ya canza mana. Hayaƙin fetur da gas da gawayin ƙasa da duniya ke ƙonawa shi ke taruwa a sama yana riƙe zafi, shi ke kawo abin da ake kira sauyin yanayi. Mu da ke nan mun gani da idonmu, damina ta makara ko ta zo da ƙarfi, ambaliyar 2022 ta cinye gonaki a Jigawa, a Satumba 2024 kuma madatsar Alau ta fashe ruwa ya shiga Maiduguri. Hayaƙinmu ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da na manyan ƙasashe amma wahalar mu ke sha. Abin da Allah ya ba mu a yalwace shi ne rana. Shi ya sa a shirin farfaɗo da tattalin arziki bayan korona gwamnatin tarayya ta fito da Solar Power Naija da burin kai sola gidaje miliyan 5, aka fara daga garin Jangefe a ƙaramar hukumar Roni ta Jigawa a 2021.

Yanzu ga aikin. Kalmomi uku za ku riƙe: faranti, wato abin da ake ɗorawa a kan rufi yana shan rana, batir mai ajiye wutar, da wat, ma'aunin ƙarfin wuta. Yawanci kayan wuta akwai lamba a jikinsa da harafin W kusa da ita, wannan lambar ita ce wat ɗinsa. Ku duba bayan fanka ko kwalin kwan fitila za ku gani.

Lissafin shi ne wat sau awannin da abin zai yi yana aiki. Misali ɗan shago yana da kwan fitila 3 kowanne wat 5, ana kunna su awa 5 da dare, 3 sau 5 sau 5 ya ba da 75. Fankar sola mai wat 20 awa 6, ya ba da 120. Cajin waya 4, kowace mu ce 10, ya zama 40. A haɗa duka, 235 ke nan a rana.

Faranti mai wat 100 fa? A nan arewa rana mai ƙarfi takan yi kamar awa 5, 100 sau 5 ya zama 500, amma kar ku yarda da 500 ɗin nan domin zafi da ƙura da wayoyi suna cin wani abu, ku ɗauka 350 za ku samu. Tunda 350 ta fi 235, farantin ya isa shagon nan har da ɗan rara.

Batir shi ne inda mutane suka fi yin asara kuma nan nake so ku tsaya sosai. In an rubuta 12V da 100Ah a jikinsa, lambobin da ke nuna girmansa, 12 sau 100 ya ba da 1,200, wutar da zai iya ajiyewa ke nan a irin lissafin da ya ba mu 235 ɗin nan. Sai dai in batir mai ruwa ne ko irin na da mai nauyin nan, rabi kawai ake ci, wato 600, sauran a bar masa. Akwai wani ɗalibi da muka yi a ajin nan mai sana'ar cajin waya, ya ci bashi ya sayi batir sabo fil, kullum sai ya zuƙe shi tas har fitila ta mutu da kanta, ga shi da daddare yana jona dutsen guga. Ko shekara bai yi ba batirin ya daina riƙe caji, ranar da ya zo yana ba mu labari wallahi duk ajin sai da jikinmu ya yi sanyi don bai gama biyan bashin ba. Dutsen guga da hita da butar dafa ruwa kowanne yana cin wat 1,000 ko fiye, ƙaramar sola ba ta ɗaukarsu, kar ma a gwada.

Kula da faranti ba wuya. A sa shi ya fuskanci kudu ya ɗan karkata, kar inuwar bishiya ko katanga ta taɓa shi ko da gefe ɗaya ne. Lokacin hunturu ƙura takan rufe shi cikin kwana biyu uku, a goge da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba lokacin da gilashin ya ɗau zafi. Batir mai ruwa a riƙa duba shi, in ruwan ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir da ake sayarwa, ba na rijiya ko na famfo ba, kuma a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da yara.

Aikin gida: kowa ya rubuto kayan wuta uku da ke gidansa ko shagonsa da lambar wat ɗin kowanne da awa nawa yake aiki. Mai janareta kuma ya rubuto lita nawa yake saya a sati da kuɗinta. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu lissafa a kan allo wata nawa kuɗin man kowa zai yi kafin ya kai kuɗin faranti da batir.