Yadda Ake Shirya wa Ɗalibai Makon Ɗanɗana Sana'a a Makarantar Ƙauye

In ka tambayi 'yan aji uku na ƙaramar sakandare a ƙauyukanmu abin da suke so su zama, amsar ba ta wuce likita, soja ko malami. Ba laifinsu ba ne, su kaɗai suka ji ana ambata. Yaron da bai taɓa riƙe sifana ba, ta ina zai san ko Allah ya ba shi hannun kanikanci? Shekara uku ke nan muna shirya makon ɗanɗana sana'a a makarantar da nake koyarwa a ƙasar Haɗejiya, ga kuma yadda abin yake tafiya.

Ka fara da manya. Ku ɗunguma, kai da shugaban makaranta da 'yan kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ku je ku gaida dagaci. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ba fitar da yara daga karatu za mu yi ba, so muke su ga amfanin karatun da idonsu." In ya sa albarka, maƙeri da tela ba za su ce maka ba su da lokaci ba. Iyayen 'yan mata kuwa, a tura musu malama har cikin gida, a kuma tabbatar musu ita za ta raka 'ya'yansu ta dawo da su.

Lokaci ma abin dubawa ne. Da damina da kaka rabin ajin na gona. Zango na biyu, tsakanin Janairu da Maris, shi ya fi: an gama kai amfani gida, noman rani ya kankama a fadama. Sai dai ka duba kada makon ya faɗa cikin azumi.

Daga nan ka ɗauki biro ka zaga garin da ƙafa, ka rubuta duk mai sana'ar da ke kusa: maƙeri, kafinta, tela, mai walda, mai gyaran injin ban ruwa, mai haɗa sola, mai injin casar shinkafa, malamar ƙaramin asibiti, malamin gona. Za ka sha mamakin yawansu.

Ga inda na yi kuskure a shekarar farko. Na kwashi yara sittin na kai su garejin wani bakanike, suka tsaya cikin rana, na gaba suna gani, na baya suna hira. Da muka dawo babu wanda ya iya gaya mini sunan ƙarfe ɗaya. Tun daga nan ba na haɗa fiye da yara shida a wuri guda, kuma kowace ƙungiya takan zaga wurare uku a makon, awa biyu-biyu. Kafin ranar, nakan zauna da mai sana'ar in roƙe shi abu ɗaya: kada ya yi musu wa'azi, ya ba su aikin da za su yi da hannunsu. A maƙera, yaro ya ja zuga-zugi, ya riƙe awartaki. A fadama, ya kwance fulogin injin ban ruwa, ya goge, ya mayar, ya ja igiya ya ji injin ya tashi. A asibiti, malama ta koya musu auna damtsen ƙaramin yaro da igiyar nan mai kore da ɗorawa da ja, su san cewa in awon ya gaza santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani.

Ba na manta wata yarinya 'yar aji biyu da lissafi ke ba ta wuya. A shagon tela aka miƙa mata tef aka ce ta auna ƙawarta, ta raba kewayen ƙirji gida huɗu don yanka riga. Ta yi shiru tana motsa baki, can ta ce, "Malam, ai wannan shi ne kwatar da kake koya mana!" Ranar na ji kamar an biya ni albashin shekara.

Kada ka yi sakaci da lafiyarsu. Babu mai kallon wutar walda ba gilashi, babu mai zuwa kusa da belin inji da mayafi ko babbar riga, kuma a asibiti ba sa taɓa allura, ba sa shiga ɗakin da ake duba mara lafiya.

Ranar Juma'a da safe ku zauna a aji, kowa ya faɗi abin da ya yi, abin da ya ba shi wuya, da darasin da ya gani a cikin aikin. A nan ne za ka nuna musu hanya. Mai son aikin jinya ta san tana buƙatar kiredit a Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks kafin ta nemi kwalejin jinya ta Birnin Kudu ko makarantar kiwon lafiya ta Jahun. Mai son injuna ya san akwai kwalejojin fasaha masu jarrabawar NABTEB, wato jarrabawar kammala karatun sana'a, ga kuma Binyaminu Usman Polytechnic a Haɗejiya da Hussaini Adamu a Kazaure. Mai son noma da kiwo ya ji labarin kwalejin Audu Baƙo da ke Dambatta. Wannan zaman ya fi muhimmanci ga 'yan aji uku, domin suna gab da zaɓar ɓangaren kimiyya ko na fasaha.

Bayan an gama, ku koma wurin masu sana'ar da ɗan goro da sabulu, yaran su yi godiya da bakinsu. Wanda ya nace yana son ci gaba, ka je ka ga mahaifinsa, ku tsayar masa da yammacin Alhamis, tunda babu Islamiyya. Yanzu haka yarana biyu suna wurin mai haɗa sola, kuma su suka gyara fitilar ajinmu a makon jiya.